Masanin tarihi (sana'a)

Masanin tarihi shi ne wanda ya ɗauki binciken al'amuran da suka shuɗe a matsayin sana'a. Galibi sai ya yi digirin digirgir kafin ya zauna da gindinsa a jami'a. Wasu kuma gidajen tarihi ke ɗaukarsu. Aiki ne na haƙuri. Mutum kan wuni yana duba fayilolin Turawan mulkin mallaka, ko rubutun ajami da gara ta ci gefensa, sannan ya gwada su da ruwayar dattawa, don ba kowace ruwaya ake kamawa ba. A Kaduna, cibiyar Arewa House da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 na adana irin waɗannan takardu. Guraben aikin dai kaɗan ne.