Ƙoƙo Da Gilashi: Yadda Aka Koyi Tattara Hasken Tocila

Ranar 10 ga Janairu, 1899, hukumar rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ta Amurka ta ba wani mutumin Ingila mai suna David Misell shaidar mallakar wata 'yar na'ura da ya ƙera. Bututu ne na takarda mai kauri, an jera batura a cikinsa, a bakinsa akwai ƙaramin ƙwan lantarki da wani ɗan ƙoƙo na tagulla mai mayar da haske gaba. Kamfanin Conrad Hubert, wanda daga baya aka sani da Eveready, shi ya karɓi aikin, har ya raba wa 'yan sandan New York wasu su gwada. Baturan zamanin ba su da juriya, ƙwan ma cin wuta yake yi, don haka sai a kunna a leƙa, a kashe a bar batir ya huta. Da irin wannan ƙarancin haske, ba a da halin yin asarar ko kaɗan daga cikinsa. Tun ranar farko, darajar tocila ta rataya ne a kan abin da aka sa a bayan ƙwan da abin da aka sa a gabansa.

Ilimin da ke cikin wannan ƙoƙo ya girmi lantarki nesa ba kusa ba. Kimanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, Bagirike Diocles ya tabbatar da cewa madubi mai wani irin lanƙwasa da masana lissafi ke kira farabola yana tara hasken rana a wuri ɗaya tak. Malaman Musulunci suka ɗora daga nan. Wajen shekarar 984, Ibn Sahl ya rubuta littafi a Bagadaza kan madubai da gilasai masu ƙona abu, Ibn al-Haisam ma ya yi nasa rubutun kan madubin farabola. Su tunaninsu a tara rana a kunna wuta ne. Amma lissafin yana aiki ta baya ma: in aka ajiye fitila a daidai wurin da hasken ke taruwa, madubin zai miƙar da haskenta gaba a dunƙule.

Masu tsaron hasumiyoyin fitila na bakin teku su ne suka fara cin moriyar wannan sosai, domin rayukan matuƙa jirgin ruwa na hannunsu. A shekarun 1760, William Hutchinson na tashar jiragen Liverpool ya riƙa jera ƙananan madubai a cikin kwano mai siffar farabola a bayan fitilun mai. Sai injiniyan Faransa, Augustin Fresnel, ya zo da wata dabara dabam. Ya kewaye fitilar da zobban gilashi da aka yanka hawa-hawa, kuma a 1823 aka kunna irinta ta farko a hasumiyar Cordouan. Daga baya ya ƙara wasu gilasai masu kusurwa waɗanda haske ke shiga, ya bugi bangonsu na ciki, ya juyo gaba ba tare da an shafa musu azurfa ba. Duk wanda ya buɗe kan tocilar zamani ya ga wani dunƙulen roba garau mai siffar mazurari, jikan wannan dabara yake kallo.

Mafi yawan ƙarni na 20, tocila ta zauna a kan tsari ɗaya: ƙwai mai zare, ƙoƙo mai ƙyalli, gilashi shafaffe. A 1979 Anthony Maglica ya fito da Maglite a California, jikinta na alminiyam, kanta kuma ana murza shi. Murzawar tana canza tazarar da ke tsakanin ƙwan da ƙoƙon, hasken ya tsuke ko ya baje. Waɗanda suka riƙe ta sun san aibinta: in aka baje hasken, wani baƙin rami yakan fito a tsakiyarsa, saboda ƙwan ya bar mazauninsa na daidai.

Sai ƙwan LED ya zo ya rikita lissafin. Nick Holonyak ya samar da mai jan haske a 1962, amma an daɗe ba a wuce amfani da shi a matsayin 'yar alama a jikin rediyo ba. A 1993 Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a Japan ya kammala mai shuɗin haske mai ƙarfi, aikin da ya sa shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka sami kyautar Nobel a 2014. Da aka lulluɓe shuɗin da wani sinadari mai ruwan ɗorawa, sai aka sami fari, ya shiga kasuwa a 1996. Kamfanin Lumileds ya biyo da Luxeon mai ƙarfin wat ɗaya, Cree kuma ya fito da XR-E a 2006. Cikin 'yan shekaru, mutane a Amurka da Turai da Asiya suka shiga kwance tsofaffin tociloli, suna cire ƙwai mai zare suna dasa LED, suna haɗa su da batirin 18650, irin wanda ake samu a cikin batirin kwamfutar tafi-da-gidanka. Wasu ma'aunai sun zama gama-gari, musamman kan P60 na kamfanin SureFire, wanda ake cirewa a zura wani a gurbinsa.

Nan fa suka ci karo da abin da ba su zata ba. Tsohon ƙwai yana watsa haske ta kowane gefe, har baya, don haka ƙoƙo na kama kaso mai yawa. LED kuwa shimfiɗaɗɗe ne, gaba kawai yake haskawa, akasari a faɗin digiri 120 ko kusa da haka. Hasken da ya nufi gefe shi ƙoƙo ke kamawa ya tara a tsakiya. Wanda ya miƙe gaba wucewa yake yi ya baje. Wanda ya dasa sabon ƙwai a tsohon ƙoƙo sau da yawa yakan ƙare da haske mai zobba, ko tsakiya shuɗi-shuɗi gefe ɗorawa.

Daga wannan gwagwarmaya aka fitar da zaɓi huɗu da ake kai har yau. Ƙoƙo mai santsi yana kai haske nesa, amma ba ya rufa wa ƙwai asiri: duk wani aibinsa zai fito a bango. Mai ɗan kaushi, wanda masu sana'ar ke kira ɓawon lemo, yana gauraya hasken ya fito sumul, sai dai ya rage nisa kaɗan. Dunƙulen roba na irin dabarar Fresnel, wanda kamfanoni kamar Carclo na Ingila da LEDiL na Finland suka shahara da shi, yana kama hasken gaba da na gefe duka, ga shi gajere, har ana jera ƙwai uku a ƙarƙashin guda mai faɗin milimita 20. Na huɗun shi ne gilashi mai tudu, wanda ke cikin tocilolin da ake ja a tsuke haskensu. Yana burge mai saye, domin a tsuke yakan jefa hoton ƙwan kansa, murabba'i, can nesa. Amma gaskiyar magana ita ce a wannan hali kaso mai yawa na hasken bango yake bugawa a cikin kan tocilar, ba ya fita.

Nisa kuwa ba yawan haske ke kawo shi ba, kuma wannan shi ne abin da aka fi yaudarar mutane da shi. Abu biyu ke kai haske nesa: ƙanƙantar wurin da hasken ke fitowa, da faɗin ƙoƙon ko gilashin. Shi ya sa ƙaramin ƙwai a cikin babban ƙoƙo mai zurfi yakan doke babban ƙwai mai ninkin haskensa. Shi ya sa kuma wasu ke yanke 'yar ƙubbar roba da ke kan LED, domin ƙubbar na sa ƙwan ya yi girma a idon ƙoƙo. A 2009 masu ƙera tocila a Amurka suka amince da ma'auni guda, ANSI FL1, wanda ya ce nisan tocila shi ne inda haskenta ya ragu zuwa kwatan luks, kwatankwacin hasken farin wata. Bisa wannan lissafi, in ana son ninka nisa sau biyu, sai an ninka kaifin tsakiyar hasken sau huɗu.

A ƙasar Hausa, tocilar ƙarfe mai cin manyan batura, irin su Tiger Head na ƙasar Sin, ta daɗe tana raka aci-balbal da fitilar ƙwai. Da LED mai araha ya shigo, ga kuma matsalar wutar NEPA, sai matasa masu dabara suka riƙa huda tsohon faifan CD, su jera ƙananan ƙwayaye a kai, su kafa a kan akwatin katako mai batura. Faifan shafaffe ne, ba ya tara haske wuri ɗaya, kuma hakan ya dace da aikin: mai shayi da mai tsire da ɗalibi mai bitar karatu haske mai bajewa suke buƙata a kan tebur. Maharbi da ɗan sintiri da mai ban-ruwa da dare su kuma tocilar goshi mai zurfin ƙoƙo suke nema, wadda za ta nuna musu abin da ke can ƙarshen gona.

Mai gyara da ke son canza wa irin waɗannan tociloli ƙwai yana fuskantar matsalar da ta fito a Maglite. Dole ƙwan ya zauna a tsakiya cif, a daidai tsayinsa, domin kuskuren da bai kai milimita ɗaya ba ya isa ya buɗe rami a cikin hasken; don haka ne ake sa wani ɗan zoben roba tsakanin ƙwai da ƙoƙo. Cikin ƙoƙon kuma ba a goge shi da tsumma ko yatsa. Ƙyallin nan alminiyam ne siriri ƙwarai da aka fesa, shafa ɗaya ta isa ta bar masa zane, don haka ƙura sai dai a hure ta da iska. Gilashin gaba ma yana da nasa kaso: na gama-gari yana mayar da kusan kashi 8 cikin 100 na hasken baya, yayin da wanda aka yi wa shafe na musamman asararsa ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu ba.