Yadda LibreOffice ta ɓalle daga OpenOffice

A shekarar 1999 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya sayi wani kamfanin Jamus mai suna StarDivision, mai manhajar rubutu da lissafi ta StarOffice. A watan Oktoban 2000 Sun ya buɗe lambobin da aka gina manhajar da su, kowa ya duba, ya gyara, ya raba kyauta, aka raɗa mata suna OpenOffice.org. Ba sadaka ba ce. Sun na neman abin da zai rage wa Microsoft Office ƙarfi a ofisoshi ne. A lokacin ya yi alkawarin kafa gidauniya mai zaman kanta da za ta riƙe aikin, amma har shekara goma ta wuce ba a ga gidauniya ba.

Abin da ya fi ci wa masu sa kai tuwo a ƙwarya wata takarda ce. Duk wanda ya rubuta gyara yana son a saka a manhajar, sai ya sa hannu cewa Sun ma na da haƙƙin mallakar abin da ya rubuta. Da wannan Sun ke iya zuba aikin mutane cikin StarOffice, wadda yake sayarwa. Kamar gayya ce da ake kira a gonar mutum ɗaya, a yi noma tare, hatsi ya shiga rumbunsa. Kohei Yoshida ya rubuta wa sashen lissafi, Calc, wani ɓangare na warware matsalolin lissafi, ya ƙi sa hannu, sai Sun ya ajiye aikinsa ya sa ma'aikatansa su rubuta wani. Gyare-gyaren da aka ƙi karɓa ko aka bari suna jiran layi suka taru a wani reshe da ake kira Go-oo, wanda injiniyoyin kamfanin Novell irin su Michael Meeks ke kula da shi, kuma shi yawancin masu rarraba Linux suke bai wa jama'a.

Duk da haka an ci gaba da zaman haƙuri, don Sun ne ke biyan albashin mafi yawan masu aikin a Hamburg. Haƙurin ya ƙare ne bayan kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun a Janairun 2010 kan dala biliyan 7.4. A watan Agusta Oracle ya kai Google kotu kan Java da ya gada daga Sun, ya kuma juya wa OpenSolaris, wani buɗaɗɗen aikin na Sun, baya. Mutanen OpenOffice suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta. Ranar 28 ga Satumba, 2010, suka sanar da kafa gidauniyar The Document Foundation, suka kwashi lambobin, abin da lasisin ya halatta musu, suka sa wa tasu suna LibreOffice. Sun ɗauki sunan na wucin gadi ne, don sun gayyaci Oracle ya shigo ya ba su tsohon sunan. Oracle ya ƙi, har ya nemi wakilan majalisar al'ummar OpenOffice da ke cikin sabuwar gidauniyar su sauka daga kujerunsu.

A ganina nan Oracle ya yi kuskuren lissafi: ya riƙe suna, masu sa kai suka tafi. LibreOffice 3.3 ta fito a Janairun 2011, ba takardar miƙa haƙƙi, masu rarraba Linux irin su Ubuntu da Fedora suka koma kanta. A watan Yuni Oracle ya miƙa OpenOffice ga gidauniyar Apache ya wanke hannunsa. Lasisin Apache kuwa ya bar LibreOffice ta ɗebi duk abin da ta so daga can, ita Apache ba ta iya ɗiba daga nan. Tun 2014 Apache OpenOffice take kan jerin 4.1.

Gidauniyar The Document Foundation, wadda aka yi wa rajista a Berlin a 2012, ba ta kashe rigimar ba, don har yanzu kamfanoni ne ke biyan masu rubuta kaso mai yawa na lambobin. A 2020 an yi ca a kan shirin liƙa wa sigar kyauta tambarin cewa ta amfanin mutum shi kaɗai ce, har aka janye shi. A shekarar ne kuma kamfanin Collabora na Ingila ya ɗauke aikin sigar intanet ya mayar ƙarƙashin sunansa.