Ƙwaryar Nono a Tarihin Fagge

Duk mai ba da tarihin Fagge yakan fara da raƙuma ya ƙare da Kantin Kwari. Ba mu ga laifinsa ba, domin tarihin baka ya danganta kafuwar unguwarmu da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499), a matsayin zangon fatake da Buzaye masu sauka a bayan ganuwa da gishiri da dabino. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913, ciniki ya ƙara bunƙasa. To amma akwai wani ayari da marubuta suka manta da shi, wanda ba ya zuwa shekara-shekara, kullum safiya yake shigowa: matan Fulani ɗauke da ƙore a ka, daga rugagen da ke kewaye da birni. Su muke so mu tuna wa 'yan'uwanmu na Legas da Abuja da Fatakwal a wannan shekara.

Fagge ba ta taɓa zama garin makiyaya ba, amma abincinta na rana daga ruga yake fitowa. Ruga kuwa ƙaramin gida ne: maigida da iyalinsa, da bukkoki 'yan kaɗan, da garken da sau da yawa bai fi a ƙirga shi a tsaye ba. Akasarin shanun farare ne masu ƙaho, waɗanda ake kira Bunaji. Da asuba ake sakin maraƙi daga dangwali ya fara tsotso har nono ya sauko, sa'an nan a janye shi a tatsa cikin ƙwarya, a rage masa rabonsa. Saniyar gida ba ta cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba, da rani ma ba ta kaiwa, alhali Firiziya ta ƙasar Holan tana haura lita 20. Amma tamu tana jure rana da ƙishirwa da doguwar tafiya, abin da waccan ba za ta iya ba.

Ga abin da ya kamata mu lura da shi. A al'adar ruga, kiwo da sayar da dabba na maigida ne, amma da zarar madara ta shiga ƙwarya, ta zama ta uwargida. Ita ke raba wadda yara za su sha da wadda za a kai kasuwa. Ita ke zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara, ta rufe da faifai ta kwana, gari ya waye ta zama kindirmo. In tana son mai, sai ta zuba a gora ta yi ta kaɗawa har man shanu ya taso, ta kwashe ta cura shi, abin da ya rage shi ne tsala. Kuɗin da ta samo nata ne. Da shi take sayen gero da gishiri da daddawa da kananzir, da shi take tara kwanukan 'yarta tun ba a fara maganar aure ba. Gida yakan yi wata da watanni ba a sayar da ko ɗan maraƙi ba, ƙwaryar nan ce ke riƙe da tukunya. Da Bafulatani ya ce nagge daɗi goma, fiye da rabin daɗin a hannun matarsa yake.

Mu da muka tashi a Fagge a shekarun 1960 da 1970 mun san ɗaya ɓangaren cinikin. Kusan kowane gida yana da tasa mai nono, wadda ba ta sallama a zaure kamar baƙuwa, kai tsaye take wucewa cikin gida, ana ce mata Inna ko Goggo. Kafin ta iso iyayenmu sun surfa gero, sun daka da citta da kanumfari da barkono, sun dafa, sun kirɓa a turmi, sun cura fura an barbaɗe ta da gari. A dama da ludayi, a miƙa wa maigida in ya dawo daga kasuwa bayan azahar, malamin zaure da almajirinsa su ma su samu. Man shanu kuwa sai an soya shi da albasa, a ɗura a kwalba, a riƙa ɗiga shi a kan tuwon dawa da miyar kuka, ko dambu, ko shinkafa da wake. Ba kullum ake biya da kuɗi ba; wani lokaci dusa ce ko kwanon hatsi, wani lokaci bashi ne sai ranar albashi. Ba mu ce babu algus ba. Da bazara, in nono ya yi wuya, akan sami mai ƙara ruwa da garin ɗan kuka don ya yi kauri, kuma tsofaffinmu da ɗanɗano ɗaya suke ganewa.

Wannan zumunci ya sha jarrabawa. Annobar bushiya ta kusa share shanun ƙasar Hausa a wajajen 1890, ta kuma dawo da ƙarfi a 1983, sai a 2011 aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya. Farin 1973 ya kora garkuna da yawa kudu. Jangali ya daɗe yana cin makiyayi, har Gwamna Abubakar Rimi ya ba da sanarwar soke shi tare da haraji a 1979. Amma a ganinmu, abin da ya fi raba mu da ruga shi ne bulo da siminti. Da can manomi da kansa yake roƙon makiyayi ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki. Gonakin da ke wajajen Kurna da Rijiyar Lemo yanzu gidaje ne, burtali ya zama lungu, kuma dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ba ta yi wa na bakin birni wani amfani ba. Mai nonon da take isowa da ƙafa, jikarta sai ta shiga mota daga Wudil ko Dambatta ko Kura, ta sauke a kasuwar Ƙofar Wambai, kuɗin mota ya cinye rabin riba.

Ta ɗaya gefen kuma gwangwani ya shigo. Madarar Peak ta fara shigowa Nijeriya a 1954, masu shayi na Sabon Gari da bakin tasha suka karɓe ta, daga baya madarar gari ta biyo baya. A yau wani abin da ake sayarwa a roba da sunan kindirmo, da garin madarar waje aka haɗa shi, bai taɓa ganin ruga ba.

Daga 2020 gwamnatin Jihar Kano, da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, ta shiga gina cibiyoyin tattara madara masu na'urar sanyaya ta, kuma mun san wasu 'ya'yan Fagge na sha'awar zuba jari a gonar shanu. Muna yi musu fatan alheri. Sai dai muna roƙon su bincika abu ɗaya kafin su sa hannu a takarda: in kamfani ya sayi ɗanyar madara da asuba, sunan wa ke cikin rajista, kuma wayar wa kuɗin ke shiga? In ta maigida ce, to uwargida ta rasa kindirmon da man shanun da kuɗin cefanen a rana ɗaya, ko da an ce kuɗin shigar gidan ya ƙaru.