Yaran da Rana Ke Cutarwa

A shekarar 1874 wani likitan fata a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Moritz Kaposi, ya bayyana wata cuta ta gado wadda hasken rana kan ƙona fatar yaro, har ya kamu da ciwon daji tun yana ƙarami. Aka shekara 94 ba a san dalili ba, sai a 1968 James Cleaver ya gano shi a Amurka. Hasken rana yakan ɓata DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jikin kowa. Ƙwayar mai lafiya takan gane ɓarnar, ta yanke wurin, ta yi faci. Ta waɗannan yara kuwa ba ta iyawa. Har yanzu inuwa ce babbar garkuwarsu.