Tarihin Talla a kan Keke a Birnin Hanoi

Talla a kan keke sana'a ce da dubban mutane, galibinsu mata 'yan ƙauye, ke ci da ita a Hanoi, babban birnin ƙasar Biyetnam. Suna ɗaura kwanduna a gaba da bayan keke, su loda furanni ko kayan marmari ko tangaran, su bi unguwa-unguwa suna kai wa mutane har ƙofar gida.

Asali

Talla ta girmi keke a wannan birni. Tun da sarki Ly Thai To ya mai da shi fadar mulki a 1010, lokacin ana kiransa Thang Long, manoma ke shigowa da amfanin gona. Masu sana'a suka kafa tituna, kowane da hajarsa, har yau akwai titin azurfa da na gishiri da na sukari a tsohuwar unguwa. A wancan zamani mai talla kan saɓa gora a kafaɗa, kwando biyu na reto, malfar ganye a ka.

Zuwan keke

Turawan Faransa ne suka kawo keke, kuma su suka gina kasuwar Dong Xuan a 1889. Da farko keke abin masu hali ne. Yaƙi ne ya nuna ƙarfinsa: a gumurzun Dien Bien Phu da aka yi da Faransawan a 1954, 'yan ƙasar sun ƙarfafa kekuna da katako da gora, suna tura lodin da kan wuce kilo 200 a cikin duwatsu. Irin wannan dabara ce masu tallar tangaran na garin Bat Trang ke amfani da ita, ba sa hawa, turawa suke yi. A 1960 aka buɗe masana'antar keke ta Thong Nhat a Hanoi, keke ya soma shiga gidajen talakawa.

Sai dai a shekarun da gwamnati ke raba abinci da kati, kasuwancin ƙashin kai ya sha takura, talla ta ja baya.

Bayan gyaran 1986

Da aka kawo gyaran tattalin arziki mai suna Doi Moi a 1986, aka kuma danƙa wa iyalai gonaki daga 1988, sai sana'ar ta farfaɗo. Gona ƙarama ce, ba ta riƙe gida shekara guda, don haka mata daga yankunan Hung Yen da Nam Dinh da Thai Binh suka riƙa tahowa birni. Sukan haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya kusa da Jan Kogi da ya ratsa birnin. Tun kafin asuba suke sari a kasuwar Long Bien ko kasuwar furanni ta Quang Ba, su wuni suna yawo, ribar kuma ta tafi kuɗin makarantar yara a gida. Hajarsu na bin lokaci: furen bado da zafi, ɗanyar shinkafar ƙauyen Vong da kaka, rassan fure masu ruwan hoda gab da bikin sabuwar shekara na Tet.

Takaddama da hukuma

A 2008 hukumar birnin ta hana talla a tituna 62 da wuraren taruwar jama'a 48, bisa hujjar tsafta da cunkoso. A 2017 aka sake kamfen share gefen titi. Keke ya ƙara amfani a nan, domin mai shi na iya gusawa da zarar ta hango jami'ai, ta kauce wa tara da ƙwace kaya.

A yau babura da manyan kantuna da cinikin intanet sun rage wa masu tallar kasuwa, wasu kuma sun maye gurbin kiran baki da 'yar lasifika. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, domin tana kai abinci mai rahusa lungunan da mota ba ta shiga, tana kuma ciyar da iyalai masu yawa a karkara. Waɗannan mata sun cancanci a ware musu wurin ciniki a tsarin birnin, kamar yadda ake ware wa kowane ɗan kasuwa.