Anas Mahmoud, Dogon Giza da Ya Komo Gida

Mutane da yawa a ƙasarmu, idan aka ambaci Zamalek ko Al Ahly, ƙwallon ƙafa kaɗai ke faɗo musu a rai, alhali kuwa birnin Alƙahira yana da tsohon tarihi a fagen ƙwallon kwando, har ma a shekarar 1949, da aka kawo gasar ƙasashen Turai cikin birnin, Masar ce ta ɗauki kambi, ta bar Faransa a matsayi na biyu. A cikin wannan gado aka haifi Anas Mahmoud a shekarar 1995 a Giza, wadda kogin Nilu kaɗai ya raba ta da tsakiyar Alƙahira.

Allah Ya hore masa tsawo na ƙafa 7, ga dogayen hannuwa, amma jikinsa siriri ne, abin da masana wasan ke ɗauka naƙasu ga wanda aikinsa shi ne tsayawa ƙarƙashin kwando yana gogayya da ƙarti. Bayan ya ɗan zauna a wata makarantar sakandare ta Orlando a Amurka, sai ya shiga Jami'ar Louisville a 2014, ƙarƙashin koci Rick Pitino, mutumin da ya shahara wajen tsananta horo da fifita tsaro a kan komai.

Shekarunsa na farko, galibi a benci ya yi su, yana kallo yana koyo kamar almajirin da bai kai ga riƙe alƙalami ba. Sannu a hankali ya ƙware a fanni guda, wato kaɗe ƙwallo a sama kafin ta isa kwando, wanda kuwa ba tsawo kaɗai yake bukata ba, sai an haɗa da haƙuri da sanin lokaci, domin wanda ya yi gaggawar tsalle an yaudare shi, wanda ya yi jinkiri kuma ƙwallo ta riga ta wuce. A shekararsa ta ƙarshe, lokacin da fitina ta auka wa ƙungiyar, aka sallami Pitino a 2017, aka ɗora David Padgett riƙon ƙwarya, Anas yana cikin manyan da suka riƙe yara har kakar ta ƙare.

Da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NBA ta Amurka a 2018, babu ƙungiyar da ta kira sunansa, ko da yake abokin wasansa na dā, Donovan Mitchell, tuni ya yi suna a can. A nan ne, a ganina, darajar mutumin ta bayyana, gama maimakon ya yi ta gararamba a ƙananan ƙungiyoyin ƙetare, yana jiran ƙofar da ba lalle ta buɗe ba, sai ya komo gida ya sa farar rigar Zamalek, aka ci gasar Masar da shi a 2019.

Sa'an nan aka kafa gasar BAL, wadda NBA da hukumar FIBA suka haɗa hannu suka assasa domin ƙungiyoyin Afirka. Saboda annobar korona, ƙungiyoyi 12 aka tara a Kigali ta Ruwanda a watan Mayu na 2021, cikinsu har da Rivers Hoopers ta Fatakwal, wadda ba ta tsallake zagayen farko ba. Zamalek ta ratsa gasar ba a ci ta ko sau ɗaya ba, ranar 30 ga wata a wasan ƙarshe ta doke US Monastir ta Tunisiya da maki 76 da 63. Walter Hodge na Zamalek ne aka ba kyautar gwarzon gasa, amma wanda ya kalli yadda abokan hamayya ke kutsowa su hangi hannuwan Anas a miƙe, su fasa jifa su mayar da ƙwallo baya, ya san dalilin da ya sa aka naɗa shi gwanin tsaro na wannan shekara.

Haƙiƙa samarinmu dogaye na Kano da Zariya da Maraɗi, waɗanda ke wasa a filayen siminti, sun cancanci ƙungiyoyin da za su iya komowa gare su kamar yadda Anas ya sami Zamalek tana jiransa, don haka muna roƙon mahukunta da masu hali su dubi wannan al'amari da idon basira.