Naɗi Ba Zare

A ɗakunan haɗa waƙa na Kano da Kaduna da Jos, sunan abin fiyano. Ba ruwan mawaƙi da cewa Yamaha ne ko Korg, ko kuma babu tsirkiya ko ɗaya a cikinsa. Kiɗan da yake fitarwa kiɗan fiyano ne, kuma a kansa waƙoƙin nanaye na fina-finan Hausa suka hau tun shekarun 1990. Bakin da ya ce fensir da famfo da fasinja ba zai sha wahala da harafin farko ba.

Abin dariyar yana Italiya. Bartolomeo Cristofori ya ƙera kakan fiyano a birnin Fulorans wajen 1700, aka ba shi dogon suna mai ƙarewa da "piano e forte", wato a hankali da kuma da ƙarfi, domin yana amsa nauyin yatsa. Tafiya ta yi tafiya, "da ƙarfi" ya faɗi a hanya. Ashe abin da ke hana unguwa barci ranar biki, sunansa na yanka "a hankali".

A cikin fiyanon akwai sashen da ake kira sikwensa. Tushen kalmar Latin ne, "sequi", bin baya: mai jera abu bayan abu. Korg M1 na 1988 ya zo da mai layi 8, manyan Yamaha PSR kuwa 16 suke da shi. To me sikwensa ke yi wa kiɗa? Mukan ce ya ɗauka, ko ya naɗa.

Naɗa kalma ce mai daɗi. Ana naɗa rawani, ana naɗe tabarma, sai kaset ya zo da zarensa mai kewaya, Bahaushe ya dube shi ya ce ai naɗe murya yake yi. Bature ya bi wata hanya: kalmarsa ta rikodin ta fito daga "cor" na Latin, zuciya, wato mayar da abu zuci, kusan abin da almajiri ke kira hadda. Mu mun kalli hannun na'ura, su sun kalli ƙwaƙwalwarta.

Sai dai sikwensa ba shi da zare, kuma ba sauti yake adanawa ba. Aikinsa irin na akawun kotu ne: ya rubuta wane maɓalli aka danna, a wane lokaci, da wane ƙarfi, yaushe aka ɗaga yatsa. Harshen da yake rubutun da shi MIDI ne, wanda Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan suka jagoranta, ya fito a 1983. Ƙarfin dannawa lamba ce da ba ta wuce 127, kuma masu abin ba ma "ƙarfi" suke ce mata ba, "sauri" suke cewa, domin saurin saukar maɓalli na'urar ke aunawa.

Shi ya sa gyara yake yiwuwa. Rubutu ake gogewa. In yatsa ya zame a tsakiyar amshi, makaɗi ya buɗe jerin, ya nemo layin, ya sauya lamba ɗaya. Yana iya rage gudun waƙa murya ba ta kumbura ba, abin da kaset mai raunin batir bai taɓa iyawa ba.

Gyara na ce, ban ce tacewa ba, da gangan. Tacewa cire tsaki ce, kuma tun da aka kafa hukumar tace fina-finai a Kano kalmar ta ɗauki warin almakashi. Gyara ya fi faɗi: a cire, a ƙara, a matsar.

Tirak fa? A Turanci asalinsa sawu ne, na dabba ko na keke, kafin ya koma siririn layin da kowane kayan kiɗa ke kwanciya a jikin zaren rikoda. Jamusawa sun ce "Spur", sawu ke nan. Faransawa sun ce "piste", turba. Layi ya wadatar, amma sawu ya fi burge ni, don abin da yatsu suka taka suka bari ne.

Akwai wadda suke kira "punch in", naushi, daga zamanin da injiniya ke dukan maɓallin rikoda daidai inda kuskure ya fara. A fiyano, ka zaɓi gaɓar shiga da ta fita, ka sake buga wurin kaɗai. Mai facin taya ya riga ya ba mu kalmar: faci.

Murya ita ce ba ta buƙaci tafinta ba. Yamaha na kiran kowane kayan kiɗa da ke cikinsa murya, mu kuwa da ma mun san kalangu na magana. Jerin muryoyi 128 da aka amince da su a 1991 yana da sitar ta Indiya, da koto na Japan, da kalimba. Babu goge, babu kukuma, babu algaita. Mai son algaita sai ya ari 'yar uwarta ta Indiya, shanai, a lamba 112.

Saura kwantayiz, daga "quantus", nawa? Ita ce ke jan kowane bugu zuwa gaɓa mafi kusa. A nan nake jan kunnen makaɗa. Kiɗanmu da yawa uku-uku yake tafiya. Ka ɗora masa ma'aunin huɗu-huɗu, ka ba shi ƙarfi ɗari bisa ɗari, sai ya miƙe sambal ya daina rausaya. Wannan ba daidaitawa ba ce, ƙi-faɗi ne. Ka zaɓi ma'aunin uku, ka rage ƙarfin, kuma kafin ka taɓa komai ka ajiye kwafin waƙar da wani suna.